Tausayin Nas Magani Ne Ga Mai Shanyewar Ɓarin Jiki

Da wuya a sami wata ma'aikatar gwamnati ko makaranta a ƙasar nan wadda ba a taɓa zagayawa da takardar karo-karo a cikinta ba saboda wani abokin aiki da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar. Mutum ya zo ofis da ƙafafunsa ran Litinin, ran Talata sai a ji yana kwance a asibiti, baki ya karkace, hannu da ƙafa sun ƙi motsi, magana ta gagara. Masu zuwa dubiya sukan tambayi sunan likitan da yake duba shi, da irin allurar da aka yi masa, da kuɗin da aka kashe wajen ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Ba safai akan ji wani ya tambayi yawan nas-nas ɗin da suke kwana a ɗakin ba, balle irin riƙon da suke yi wa majinyacin. Alhali kuwa a makonnin farko na wannan ciwo, ran mutum da irin lafiyar da zai koma gida da ita sun fi rataya ne a wuyan waɗannan ma'aikata.

Jama'a da yawa suna ɗaukar tausayin ma'aikacin jinya tamkar gyaran da mai awo yake ƙara wa mai saye: in an samu a gode, in ba a samu ba a haƙura, tun da dai magani yana hannun likita. A sha'anin shanyewar ɓarin jiki wannan fahimta kuskure ce mai tsada. Da yawa daga cikin abubuwan da suke kashe majinyaci bayan ya tsallake kwanakin farko, ko su naƙasa shi har abada, abubuwa ne da haƙurin nas da sa idonta suke iya hanawa. Saboda haka lalle ne hukuma ta riƙa lissafa tausayi cikin kayan aikin asibiti, ta kuma tanade shi kamar yadda take tanadin allura da gado.

Shi wannan ciwo a ƙwaƙwalwa yake farawa, ko da yake a hannu da ƙafa ake ganinsa. Iri biyu ne. Akwai wanda gudan jini yake toshe jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, akwai kuma wanda jijiyar take fashewa jini ya malala. Ko wanne ne, sashen da jini ya daina isa gare shi yakan fara mutuwa nan take, kuma masana sun ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ce ta toshe, ana asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 2 a kowane minti. Da yake ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki, na dama kuma yana sarrafa ɓarin hagu, sai a ga rabin jiki ɗaya ya saki. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2019 sun sa shi a matsayi na biyu cikin cututtukan da suka fi kashe mutane a duniya.

A nan gida, wani babban bincike mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan yake cikin jagororinsa, ya bi diddigin majinyata 2,118 a asibitoci 15 na Nijeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya. Sakamakon da aka buga a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 68 cikin 100 toshewar jijiya ce ta kama su, kashi 32 kuma fashewa, sa'an nan hawan jini ne yake da alhakin kimanin tara daga cikin kowane goma. Matsakaicin shekarun majinyatan 59 ne, watau saura shekara guda ma'aikacin gwamnati ya kai shekarun ritaya.

Akwai allurar narkar da gudan jini, amma a bisa ƙa'ida ana yin ta ne cikin sa'a huɗu da rabi daga farawar ciwon, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar ba fashewar jijiya ba ce. Mutumin da aka fara kai shi wurin mai magani bisa zaton shafar aljanu ce ko sammu, ko wanda sai da aka kwana ana neman mota da kuɗi, ya riga ya wuce wannan lokaci tun kafin ya iso ƙofar asibiti. To, abin da ya rage masa shi ne jinya. Likita yakan zagayo ya duba shi, ya rubuta abin da za a yi, ya wuce gado na gaba. Sauran sa'o'in yini da dare duk suna hannun nas, namiji ne ko mace.

HAƊARIN DA KE CIKIN KOFIN RUWA

Kusan rabin waɗanda ciwon ya kama sukan sami matsalar haɗiya a kwanakin farko, domin naman maƙogwaro ma yakan saki kamar yadda hannu ya saki. Ruwa ko kunun da aka ɗura wa irin wannan mutum yakan kauce hanya ya gangara huhu. Abin da ya fi muni, wani ko tari ba zai yi ba, don haka mai ba shi ba zai san an yi ɓarna ba sai bayan kwana biyu ko uku, sa'ad da zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya soma sarƙewa. Wannan ciwon huhu yana cikin manyan abubuwan da suke kashe masu shanyewar ɓarin jiki a gadon asibiti.

Dangi kuwa, saboda ƙauna, abin da suke fara yi ke nan: wannan ta kawo kunu, wancan ya kawo zuma, wani ya zo da jiƙo a gora. A nan ne ake gane nas ta gari. Wadda ba ta da haƙuri sai ta daka musu tsawa ta kore su, su kuwa su jira ta ba da baya su ɗura masa a ɓoye. Mai tausayi takan tsaya ta yi musu bayani cikin harshen da suke ji, ta zaunar da majinyacin sosai, ta gwada shi da ƙaramin cokali na ruwa a gabansu, ta saurari muryarsa ko ta sauya. Idan haɗiyar ba ta yi kyau ba, sai ta sanar da likita a sa masa robar abinci ta hanci, ta kuma lallashi dangin da suke ganin sa robar alamar mutuwa ce. Idan ya fara iya ci, sai ta koya wa mai jinyarsa ya riƙa ba shi loma ƙanana yana zaune, a duba kumatun da ya saki ko abinci ya maƙale a ciki, a tsabtace masa baki da haƙora, kada kuma a kwantar da shi sai abincin ya faɗa. Duk wannan bai fi minti ashirin na lokacinta ba, amma sau da yawa shi ne ke tsakanin mutum da kabari.

An ma auna amfanin irin wannan kulawa da alƙalami. A jihar New South Wales ta ƙasar Ostireliya, Farfesa Sandy Middleton, wadda ita kanta nas ce, ta jagoranci wani gwaji a ɗakunan masu shanyewar ɓarin jiki guda 19. A wasu ɗakunan an horar da nas-nas su tsare abu uku a kwana ukun farko: su riƙa auna zafin jiki kowace sa'a huɗu su ba da farasitamol da zarar ya hau, su sa ido a kan sukarin jini, su kuma gwada haɗiya kafin a ba majinyaci kome ta baki. Sauran ɗakunan an ba su takardar ƙa'idoji kawai. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a shekarar 2011 ya nuna cewa bayan kwana 90, kashi 58 cikin 100 na majinyatan ɗakunan da ba a horar ba sun mutu ko sun kasa ɗaukar ɗawainiyar kansu, a ɗakunan da aka horar kuwa kashi 42 ne. Babu wani sabon magani ko na'ura mai tsada a cikin wannan gwaji. Ma'aunin zafi da farasitamol da cokali akwai su a babban asibitin kowace jiha.

JUYIN ƘARFE BIYUN DARE

Mutumin da ba ya iya juya kansa, idan aka bar shi kwance a wuri ɗaya, nauyin jikinsa yakan danne fata a inda ƙashi ya turo, watau ƙugu da kwankwaso da dunduniya da allon kafaɗa, har jini ya daina gudana a wurin. Cikin 'yan sa'o'i sai fata ta soma lalacewa. Fitsari da gumi da yamutsattsen zanen gado suna ƙara wa abin sauri. A baƙar fata kuwa ba kasafai ake ganin jan da ke nuna farkon gyambon ba, sai dai nas ta sa hannu ta ji wurin ya yi zafi ko tauri. Gyambon da ya buɗe cikin mako guda yana iya cin watanni bai warke ba, wani ma ya zurfafa har ƙashi, cuta ta bi jini. Rigakafinsa sananne ne: a riƙa juya majinyaci kamar kowace sa'a biyu, dare da rana, a tsane masa jiki, a tokare shi da matasai. To, juyin ƙarfe biyun dare, lokacin da babu shugaban da yake gani, kuma majinyacin ba shi da bakin kai ƙara, babu abin da ke sa a yi shi sai riƙon amana da tausayi.

Haka kuma wajen ɗagawa. Kafaɗar da ta shanye ba ta da ƙarfin zama a gurbinta. Wanda ya fizgi majinyaci ta wannan hannu don ya zaunar da shi cikin gaggawa yana iya sa kafaɗar ta goce, ya bar shi da zogin da zai hana shi motsa jikin da zai dawo masa da hannun. Yatsu da gwiwar da aka bari a lanƙwashe sukan ƙage. Ƙafar da ba a motsawa kuma jini yakan daskare a jijiyarta, gudan ya taso ya toshe huhu. Ma'aikatan gashi da motsa jiki, inda ake da su, na ɗan lokaci suke zuwa a rana. Nas ce za ta ci gaba da miƙar da gaɓoɓin, ta zaunar da shi a bakin gado idan likita ya yarda, ta riƙe shi ya taka taku biyu yau, gobe huɗu.

MUTUNCIN WANDA YA RASA BAKI

Kimanin ɗaya daga cikin kowane majinyata uku yakan sami matsalar harshe, musamman wanda ɓarinsa na dama ya shanye. Wani ya san abin da yake son faɗa amma kalmar ta ƙi fitowa, wani ya nemi ruwa bakinsa ya ce takalmi. Da yawa daga cikinsu suna jin abin da ake faɗa sarai. Magidancin da jiya yake sa hannu a fayil, yake raba gardama a unguwa, yau yana sauraren ana tattauna fitsarinsa a kansa kamar ba ya wurin. Nas mai sanin ya kamata takan gaishe shi da sunan girmamawar da aka san shi da shi, Malam ne ko Baba ko Hajiya, ta gaya masa abin da za ta yi kafin ta taɓa shi, ta ja labule kafin ta yaye masa mayafi, ta yi masa tambayar da zai iya amsawa da kai ko da nuni, sa'an nan ta jira amsar. Jiran nan shi ne ya fi wuya a ɗakin da aiki ya yi yawa.

Akwai kuma alamun da wanda bai sani ba zai ɗauka rashin kirki ne. Wanda ciwon ya taɓa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwarsa yakan manta da duk abin da ke hagunsa, ya ci rabin kwanon abinci ya bar rabi, ko a yi masa magana ta hagu ya ƙi waiwayowa, sai a ce taurin kai ne. Wani ya riƙa fashewa da kuka ko dariya ba dalili, a ce ya taɓu. Wani ya saki fitsari a gado saboda ba ya iya kira a kawo masa fo, a hau shi da faɗa kamar yaro. Duk waɗannan aikin ciwon ne, kuma nas ce za ta fahimtar da dangi haka.

Bugu da ƙari, kimanin kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka tsira sukan faɗa cikin ciwon baƙin ciki da yanke ƙauna. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin mafi yawan sauƙin da ake samu a watanni ukun farko yake zuwa, kuma sai da naci wajen motsa jiki. Mutumin da aka wulaƙanta shi a kan gado yakan juya fuska bango, ya ƙi abinci, ya ƙi motsi, lokacin ya wuce shi. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a ɗakin masu wannan ciwo sakin fuskar nas yana iya sa majinyaci ya yarda ya sake gwada ɗaga hannun da ya gaza ɗagawa jiya.

INA LAIFIN YAKE?

Mai karatu yana iya cewa duk wannan zance ne a takarda, domin abin da talaka ya saba gani a asibitin gwamnati tsawa ce da harara. Ƙorafin yana da tushe. Akwai ma'aikatan da suke hira majinyaci yana nishi, akwai masu duban tufar mutum kafin su dubi ciwonsa. Irin waɗannan ba su da uzuri, kuma takardar haƙƙoƙin majinyata da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a shekarar 2018 ta tanadi a mutunta marar lafiya a kuma rufa masa asiri. Amma wanda ya tsaya a zargin nas kaɗai bai gama lissafi ba. Idan nas biyu ne suke kwana a ɗaki mai gado talatin, goma daga cikin majinyatan kuma suna bukatar juyi kowace sa'a biyu, ga allurai, ga ƙarin ruwa, ga rubutu, ga sabon majinyaci an kawo, to kome kyawun zuciyarsu tilas wani ya kwana ba a juya shi ba. Tausayi yana bukatar lokaci, lokaci kuwa ba ya samuwa sai hannuwa sun wadata.

Wani nazari da aka buga a shekarar 2014 ya duba majinyata fiye da 56,000 a ɗakunan masu shanyewar ɓarin jiki 103 na ƙasar Ingila. An gano cewa wanda aka kwantar a ƙarshen mako a ɗakin da ke da nas uku ga kowane gado goma, haɗarin mutuwarsa cikin kwana 30 kimanin kashi 11 ne cikin 100, amma inda nas uku ne ga gado ashirin haɗarin ya kai kashi 15. Zagayen manyan likitoci kwana bakwai a mako bai nuna irin wannan bambanci ba. A can Ingila ɗin ne kuma rahoton Robert Francis na shekarar 2013 ya tona abin da ya faru a asibitin Stafford tsakanin 2005 da 2009, inda aka riƙa barin majinyata cikin ƙazantarsu, wasu ba mai taimaka musu su ci ko su sha. Rahoton ya danganta abin da shugabannin da suka rage ma'aikata don su daidaita littafin kuɗi. Ashe ke nan ko a ƙasar da ke da wadata, idan aka matse ma'aikata tausayi ne yake fara gudu.

A Nijeriya kuwa hannuwan raguwa suka yi ta yi. A watan Fabrairu na shekarar 2024, magatakardan Majalisar Kula da Aikin Jinya da Unguwarzoma ta Ƙasa ya bayyana cewa nas-nas kimanin 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekaru uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a shekarar 2023 kaɗai. Masu tafiyar sun haɗa da gogaggun da ya kamata su koya wa na baya. Tun watan Afrilu na shekarar 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, amma a shekaru ashirin da suka biyo baya kasafin Gwamnatin Tarayya bai taɓa kai wannan mizani ba.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da farko, ya kamata kowace gwamnatin jiha ta keɓe ɗaki na musamman domin masu wannan ciwo a manyan asibitocinta, ko da gado shida ne ko takwas. Tun shekarar 1993 wani nazari da ya tattara sakamakon gwaje-gwaje da dama ya nuna cewa majinyatan da aka kwantar a irin wannan ɗaki sun fi tsira, kuma sirrin yana wurin ma'aikatan da suka ƙware a kan ciwo ɗaya suna aiki tare. Nas ɗin da aka horar a wannan fanni kada a riƙa yi mata canjin ɗaki kowane wata. A kafa ƙa'idar yawan nas ga yawan gadaje, a bi ta har a aikin dare da ranakun hutu, a kuma biya albashi da alawus a kan kari.

Na biyu, shugabannin asibitoci su manna takardar juyi da ta auna zafi da ta gwajin haɗiya a jikin kowane gado, babbar nas ta riƙa dubawa, a yaba wa wanda ya kyautata a lokacin ƙarin girma, a hukunta wanda ya wulaƙanta majinyaci. Makarantun koyon jinya kuma su riƙa jarraba ɗalibi a kan yadda yake magana da wanda ba ya iya mayar masa, kamar yadda suke jarraba shi a kan allura. Ɗalibin da ya shiga wannan hanya don neman aiki kawai, gara ya san tun da wuri cewa rabin aikin goge jiki ne da lallashi.

Na uku, dangin da suke kwana a baranda suna jinya ƙarfi ne da asibitoci ba su cika amfani da shi yadda ya kamata ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan aka koya wa mutum ɗaya ko biyu daga kowane gida yadda ake juyi da ɗagawa da ciyarwa tun majinyaci yana asibiti, an rage wa nas nauyi, an kuma shirya gidan da zai koma. Su ma dangin wajibi ne su mutunta ma'aikata, su daina cika ɗaki da 'yan dubiya, kada su ba majinyaci kome ta baki sai da izini. Jama'a kuma su riƙa auna hawan jini, su san alamun ciwon, watau karkacewar baki, sakin hannu ko ƙafa, da harɗewar magana, su nufi asibiti a wannan sa'a ba tare da jiran wayewar gari ba.

Kowace ranar 29 ga watan Oktoba akan yi bikin ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, a yi jawabai a watse. Aikin gaske yana ofisoshin kasafin kuɗi da na ɗaukar ma'aikata, inda ake yanke yawan nas-nas ɗin da za a ɗauka da ranar da za a biya su. Jami'in da fayil ɗin ɗaukar ma'aikatan jinya ya yi wata uku a kan teburinsa, ya tuna cewa shekarun da ciwon ya fi kama mutane su ne shekarun manyan ma'aikata, kuma nas ɗin da ya jinkirta ɗauka yau wataƙila ita ce za a nema a rasa a daren da shi ko mahaifiyarsa suke bukatar a juya su. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.